Injin Numfashin Baba da Lambar Kotu

Zuwa ga Yayana abin tinƙahona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Ya aiki, ya ƙoƙari, ya ƙafar nan da ka ce tana damunka in ka daɗe a tsaye? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ba ka ladan ɗawainiyar da kake yi da mu. Mu ma nan sai godiya. Gwaggo ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma faɗa da maƙwabta a kan igiyar shanya, ka san kuwa alamar lafiyarta ke nan. Matar Kawu ta sauka lafiya, an sami namiji mai ƙaton kai irin na uban, Allah Ya raya. Ɗiyata tana wajen Gwaggo tun da abin nan ya faru, daga can take zuwa makaranta, kuma an ce ta soma ƙiba, abin da ya gagare ta a hannuna.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena, alhali ba a yin mako ba mu yi waya ba. Dalili shi ne kunnen Baba. Huhu ya gaji, ƙafa ta ƙi, amma kunnen nan yana nan garau, ko a bakin matakala na tsaya ina raɗa sai ya tambaye ni da wa nake magana. Saboda haka duk abin da ka ji daga bakina a waya rabin labari ne, kuma rabin mai daɗin na zaɓar maka. Yau zan ba ka sauran, kuma akwai roƙon da zan yi maka a ƙarshe. Ka daure ka karanta a tsanake kafin ka yanke mini hukunci.

Ka dai san mafarin abin. Abokan kasuwancin Maigida, mai benen nan da Baba yake yi wa aiki, sun kai shi ƙara a kan ya cinye musu dukiya, kotu ta ba da umarni a rufe asusunsa na banki, kuma kada a sayar ko a fitar da ko tsinke daga cikin kadarorinsa har sai an gama shari'a. Shi kuwa gogan naka, kafin takardar ta iso ya riga ya sa ƙafa ya bar ƙasar, wayarsa a kashe har yau. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to wannan tsuntsun ya ja ruwan ya tashi abinsa, mu da ke ƙasa muke ta jiƙewa. Benen nan da Baba ya ƙarar da ƙarfinsa yana riƙe da makullansa, wanda aka haife mu a ɗakunansa na ƙololuwa, shi ma yana cikin kayan da aka hana taɓawa.

Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda ma'aikatan kotu suka yi da mu ranar da suka zo ƙidayar kaya. Ba su ɗaga wa kowa murya ba, wallahi da sun yi ihu ma da na fi samun natsuwa. Suna tafe da sallama da neman izini, ɗaki bayan ɗaki, duk abin da suka gani na kamfani sai su manna masa 'yar takarda mai lamba su ɗauki hoto. Da suka hawo wajenmu suka ga gadon asibitin da Baba yake kwance a kai, da kekensa na marasa lafiya, da injin da ke ba shi iska ta robar hanci, suka tambayi wanda ya saya. Baba, ka san shi da gaskiya ko za ta kashe shi, ya ce Maigida ne ya aiko masa da su kyauta shekarar da ciwon ya kwantar da shi. Suka nemi takardar shaidar kyautar. Yaya, wa ke neman rasit a kan kyauta? Mutum ya aiko maka da alheri ka ce ya sa hannu? Suka duba littattafan kamfani suka ga da kuɗin kamfani aka saya, shi ke nan magana ta ƙare. Suka manna lamba a keke, suka manna a jikin inji, suka manna ɗaya a kan gadon daidai saman kan Baba. Da za su ɗauki hoton gadon, tun da ba dama a ɗaga shi, sai suka ɗauka da shi a ciki. Har gyara hula ya yi musu.

Daga nan benen ya soma mutuwa a hankali. Babu asusun da za a biya masu shara, ko mai gyaran famfo, ko mai duba lifta. Liftar ta tsaya tsakanin hawa biyu da ƙofa a buɗe rabi, in ka leƙa ba ka ganin komai sai igiyoyi suna lilo su kaɗai. Masu ofisoshin ƙasa suka fara tashi, 'yan haya suka bi bayansu, kowa ya fita da abin da ya iya kawo takardarsa, sauran aka rufe a ciki aka manna hatimin kotu a ƙofa. Ka tuna ɗakin mai gyaran haƙori? An rufe shi da famfo yana ɗiga, yanzu ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana bin matakala, ya yi kore, kuma ba mai ikon buɗewa ya kashe. A hawan da ke ƙasa da mu akwai firjin da aka rufe da kaya a ciki, ba sai na gaya maka warin ba. Kifayen nan na cikin gilashi a zauren shiga, waɗanda kake ɗaga ni in gani ina ƙarama, su ma an ƙirga su an manna wa gilashin lamba. Mai gadin da kotu ta ajiye ya ciyar da su har abincinsu ya ƙare. Da suka soma mutuwa ya ji tsoron cire su, ya ce an rubuta adadinsu, in aka zo ba a gan su ba shi za a tambaya. Suna nan a saman ruwa, cikinsu fari fat yana kallon sama, kullum ta gabansu nake wucewa.

Za ka ce me ya hana mu tattara mu koma gidan Gwaggo. Na gwada. Mai gadin ba mugun mutum ba ne, har ruwa yake taya ni ɗauka, amma ya ce mini Baba yana da ikon fita duk sa'ar da ya so, inji ne dai ba zai wuce ƙofa ba. Likita kuwa ya ce kada a raba Baba da injin nan fiye da ɗan lokacin wanka. Ɗan abin da Baba ya tara a ƙungiyar adashin ma'aikata, ashe asusun ƙungiyar da sunan kamfani aka buɗe shi, shi ma ya shiga cikin abin da aka rufe. Ana wannan kuma sai ga takardar masu wuta cewa za su yanke wa benen gaba ɗaya. Ba mu ci nanin ba, nanin ta ci mu.

A nan ne muka yi shawarar nan ni da kai, cewa kuɗin da ka aiko, tun da ba su kai na sabon inji ba, a ba lauya ya karɓo mana namu. Lauyan ya ce mini abu ne mai sauƙi, zama ɗaya alƙali zai sake mana kayanmu, don kowa ya san ba da mu ake shari'a ba. To ashe wanda ba da shi ake shari'a ba, sai ya biya kafin a ba shi izinin buɗe baki. Akwai kuɗin shigar da buƙata, akwai na rantsuwa, akwai na kai wa kowane ɓangare takarda, ga na lauya duk ranar da ya sa baƙar rigarsa, ko da alƙali bai zauna ba. Lauyoyin masu ƙara suka tashi suka ce ba su yarda ba, wai in aka saki inji yau, gobe kowane ɗan'uwan Maigida zai zo ya ce mota kyauta aka ba shi. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Lauyanmu ya ja ni gefe ya ce in sani, in muka faɗi, mai yiwuwa a ce mu biya kuɗin lauyoyinsu su ma. Na sayar da keken ɗinkina, na sayar da 'yan kunnen da Inna ta bar mini, Allah Ya jiƙanta. Ranar da na zauna na duba, abin da shari'ar ta ci ya sayi sabon inji har da canji. Ban gaya maka ba don na san na riga na yashe aljihunka, kuma kai ma ba a kan tudun kuɗi kake zaune ba.

Da aka zo yanke hukunci, alƙali ya ce ya tausaya. Ya ce injin zai zauna a cikin benen, ba za a fitar da shi ba, amma an yarda Baba ya ci gaba da amfani da shi. Ya ce a riƙa biyan kuɗin wutar ɗakinmu kaɗai daga asusun da aka rufe. Sannan ya ce Baba shi ne mai ajiyar injin a madadin kotu, kuma shi zai miƙa shi lafiya lau ranar da aka nema. Lauya ya fito yana murmushi yana yi mini barka, wai mun yi nasara. Mun je neman a sake mu ne, muka dawo an ɗaure mu da takarda, da kuɗinmu kuma. Shari'a saɓanin hankali, yau na yarda.

Bayan kwana biyu wata ma'aikaciyar kotu ta hawo, tana haki, ta karanta wa Baba hukuncin ya sa hannu. Kafin ta tafi ta durƙusa ta kwafi wata lamba a bayan injin. Baba ya tambaye ta ta mece ce. Baiwar Allah, ba da wata manufa ba, ta ce masa mita ce mai ƙirga awoyin da injin ya yi yana aiki, kamar ta mota, kuma yawan lambar shi ke rage masa daraja ranar da za a sayar. Baba ya gyaɗa kai ya yi mata godiya. Ya sa na juyo masa da injin yadda zai riƙa ganin bayansa daga kan gado, ni kuma da wautata na juya, na ɗauka kallo kawai yake so.

A makon nan aka yanke wutar benen, aka bar layinmu shi kaɗai. Yaya, ban san gini yana da ƙara ba sai da ya yi shiru. Babu firji, babu fanka, babu takun kowa. Da tsakar rana, lokacin da titi ma yake lafawa, ba abin da ake ji daga ƙasa har sama sai injin Baba, ya ja ya saki, ya ja ya saki, ƙarar tana gangarowa ta ramin lifta. Mai gadi ya ce mini shi ya daina zama a zauren shiga, ya koma waje bakin ƙofa, don ji yake kamar benen ne yake numfashi a bayansa. Ni kuwa ƙarar nan ta zame mini abokiyar hawa. In na sauka ɗebo ruwa, ina hawowa ina saurarenta, muddin ina jinta na san Baba yana nan.

Ranar Talatar da ta wuce, da azahar, ina hawowa da jarka a kai, na kai wajen ɗakin mai gyaran haƙori sai na ji wani abu ya canza. Na tsaya. Ina jin ɗigar famfon nan a bayan ƙofa, ɗis, ɗis, abin da ban taɓa ji ba, don kullum injin yana rufe shi. Ban san sa'ar da na yar da jarkar ba. Na hau da gudu ina faɗuwa ina tashi, ina cewa a raina sun yanke mana wuta. Da na shiga sai na ga ƙwan ɗakin a kunne. Baba yana kwance, robar tana hancinsa, leɓunansa sun yi baƙi, idonsa biyu yana kallona, hannunsa a kan makunnin injin. Shi ya kashe da kansa.

Na kunna, na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Da numfashinsa ya dawo, na tambaye shi ko gajiya ya yi da mu. Ya ce subhanallahi, shi ba kashe kansa zai yi ba, yana dai ba injin hutu ne. Ya ce ya sa hannu a kan zai mayar da kayan mutane yadda ya karɓa, ga lamba kuma tana ta hawa a gaban idonsa, ko barci yake tana hawa. Ya ce a duk shekarun da ya yi da makullan benen nan, ko ƙwan fitila bai taɓa ɓata a hannunsa ba, ba zai zo bakin kabari ya soma cin amana ba. Na ce masa kyauta aka ba shi. Ya ce shi ma da haka ya ɗauka, amma hukuma ta duba ta ce ba haka ba ne, kuma mai kayan ba ya nan balle a tambaye shi. Hali zanen dutse. Gaskiyar nan tasa da muke alfahari da ita, ita ce yau take neman ta raba mu da shi.

Ba abin da ban yi ba. Na liƙe mitar da filasta, ya ce ai yana jin ƙarar, ya san tana ƙirgawa. Na janye injin nesa da gado, ya sa sandarsa ya fizge wayar daga soket. Na ɓoye sandar, ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Gwaggo ta hawo benen nan da gwiwoyinta masu ciwo ta zazzage masa kwandon faɗa, ya saurare ta tsaf, tana sauka ya miƙa hannu. Likita ya yi masa bayani, limamin masallacinsu ya zo ya ce masa rai ma amana ne, ya ce ya ji, amma rai tsakaninsa da Allah ne kuma Allah mai gafara ne, inji kuwa haƙƙin ɗan Adam ne. Na ce to in an samu sabon inji fa? Ya ce wutar da zai ci daga asusun wa za a biya? Yanzu na bar zuwa aiki, ba na sauka ƙasa, mai gadi ke kawo mini ruwa har rabin hanya. Ko banɗaki na shiga, ƙofa a buɗe nake barinta ina saurare. Takardar nan ma a bakin gadonsa nake rubuta ta, yana barci, ƙafata a kan wayar injin.

Na kira lauya na tambaye shi ko alƙali zai iya rubuta cewa ba a ƙayyade wa Baba awoyi ba. Ya ce ana iya nema, amma sabuwar buƙata ce da sabon kuɗi, kuma kotu ta tafi hutu. Da na gaya wa Baba, ya ce in bar wahalar da kaina, alƙali ba shi ya sayi inji ba. Ya ce mutum ɗaya ne zai ce ya yafe masa ya yarda, kuma ya tabbata duk inda Maigida yake zai kira shi, don bai taɓa tafiya bai kira ya tambayi benensa ba. Wayarsa tana ƙarƙashin matashinsa dare da rana.

To Yaya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka tuna muna yara yadda kake kwaikwayon muryar Maigida a kan matakala, masu shara su miƙe tsaye suna rawar jiki, har ranar da Inna ta kama ka ta yi maka dukan da ka kwana a kife? Ko Baba sau biyu ka taɓa ruɗa shi ya fito da makullai a hannu. Yanzu muryarka ta manyanta, ta ƙara kusa da tasa, a waya ma ni kaina wani lokaci sai na ɗauka shi ne. Ina roƙonka ka ari wayar wani abokin aikinka, lambar da Baba bai sani ba, ka kira shi a matsayin Maigida. Ka ce masa inji nasa ne, kai ka ba shi, wutar ma ka yafe, kuma ba ka so ka sake jin an kashe shi. Na san abin da nake nema. Na san ƙarya ce, kuma mahaifinmu za mu yi wa, mutumin da bai taɓa yi mana ita ba. Na kwana ina juya abin ina neman gafarar Allah, ban ga wata ƙofa ba. In akwai zunubi a ciki na ɗauka, a rubuta a kaina. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, sai dai ka gaya mini da wuri, don idona ya soma gazawa, jiya ina zaune barci ya sace ni, shirun ne ya tashe ni.

Ka gaishe mini da Antina da kyau, ka ce mata maganin tarin da ta aiko ya iso, Allah Ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Babban Yaro da 'Yar Baba da ɗan autanku mai cizon mutane. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce ka aiko mata da hoton yaran na takarda, ita ba ta gane na cikin waya. Kawu da mai jego suna gaisuwa, ɗiyata ma ta ce a gaya maka ta ci jarrabawa. Kada ka nuna wa kowa takardar nan, ko Anti.

In za ka kira, ka kira da hantsi, lokacin ya fi samun ƙarfin magana. Ka tuna, "Makulli" Maigida yake ce wa Baba, ba ya kiran sunansa. Ka yi maganar a gajarce, da ɗan faɗa-faɗa, kamar kana sauri. Za ka ji yadda numfashinsa ya koma, na san zuciyarka za ta karye, amma don Allah ka daure kada ka tambaye shi ya jiki. Maigida bai taɓa tambayarsa ba, kana tambaya zai gane kai ne.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya yafe mana baki ɗaya.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Auta.